Yadda za ku tsara mujallar ɗalibai da manhajar gyaran hoto har ta fito tsaf a takarda

Idan an ɗora muku aikin fitar da mujallar makaranta ko ta wata ƙungiyar ɗalibai kuma abin da ke cikin kwamfutarku Photoshop ne ko GIMP ko Photopea wanda ake buɗewa a burauza, to aikin zai yiwu sosai, amma ku sani tun yanzu waɗannan manhajojin don hoto aka ƙirƙire su ba don jera rubutu mai shafi ashirin ba. Masu wannan sana'a InDesign suke amfani da shi ko Scribus wanda shi kyauta ne, a can in rubutu ya cika shafi da kansa yake malalawa shafi na gaba, lambar shafi ma da kanta take hawa. A manhajar hoto duk wannan da hannu za ku yi, shi ya sa dole sai kun kafa tsari ɗaya tun farko kun riƙe shi gam kafin kowa ya fara maganar kwalliya, in ba haka ba shafi na 4 da na 5 za su fito kai ka ce ba mujalla ɗaya ba ce.

Kar ma ku kunna kwamfutar tukuna. Ku ɗauko farar takarda guda huɗu ku haɗa su ku ninke biyu, kun samu ƙaramin littafi mai shafi 16 ke nan, ku bi shi da biro kuna sa lamba kuna rubuta abin da zai zauna a kowane shafi, nan bango, nan jawabin edita da jerin abin da ke ciki, nan hira, nan waƙoƙi, nan wasanni. Mujallar da ake ɗinkewa da fil a tsakiya dole yawan shafukanta ya rabu da 4, wato 12 ko 16 ko 20 ko 24, babu zancen 18, domin kowace takarda ɗaya shafi huɗu take ɗauka. In kun warware takardun za ku ga shafi na 16 yana maƙwabtaka da na 1, na 2 yana tare da na 15, haka injin yake bugawa. Za kuma ku lura shafi mai lambar mara koyaushe a dama yake, sannan 8 da 9 ne kaɗai suke kan takarda ɗaya a jere, don haka in kuna da wani babban hoto da kuke so ya ratsa shafi biyu, misali hoton duka 'yan ajin ƙarshe, can tsakiyar ne gidansa, a wani wurin in ninki ya ɗan goce sai fuskar wani ta rabe.

Daga nan sai ku tuntuɓi maɗaba'ar da za ta buga muku, tun yanzu fa ba sai kun gama ba. Ku tambaye su girman takarda, da ko shafi ɗaiɗai suke so ko bibbiyu, da irin fayil ɗin da suke karɓa. Yawancinsu shafi ɗaiɗai suke so su jera da kansu, kuma hakan ya fi muku sauƙi.

To yanzu a buɗe sabon fayil. A4 faɗinta milimita 210 ne tsayinta 297, amma ba wannan za ku rubuta ba, ku ƙara milimita 3 a kowane gefe ya zama 216 da 303. Wannan rarar ita ce masu bugu suke kira bilid, amfaninta shi ne wuƙar da ke yanke takarda ba ta faɗawa daidai kan layi ɗari bisa ɗari, to in launin bayan shafinku ko hoto ya tsaya cak a bakin shafin sai a ga wani siririn farin layi a gefe bayan an yanke, amma in ya zarce cikin rarar ko wuƙa ta goce ba mai ganewa. Wurin da aka rubuta Resolution ku sa fiksal 300 a kowane inci, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoto, kar ku bar shi a 72, wannan na allo ne, kuma fa ba a gyara shi daga baya, in kun gama aiki a 72 kuka ce za ku ɗaga shi zuwa 300 hotunan dishi-dishi za su yi.

Abin da ya fi komai muhimmanci a wurina shi ne layukan jagora, waɗannan siraran layukan da ake jawowa daga rula waɗanda ba sa fita a bugu. A Photoshop Ctrl da R ne ke fito da rular, akwai kuma New Guide Layout da zai jera muku su gaba ɗaya. Ku fara da layin yanka, milimita 3 daga kowane baki. Daga layin yankan ku shigo ciki milimita 15, duk wani rubutu ba zai tsallake nan ba, lambar shafi ma kar ta kusanci baki. Abin da ya rage a faɗi milimita 180 ne, ku raba shi ginshiƙi uku da tazarar milimita 5 a tsakaninsu, kowanne zai kama kusan 56 da ɗoriya. Me ya sa uku? Saboda uku tana ba ku damar wasa, hoto ya ci ginshiƙi biyu rubutu ya ci ɗaya, ko hira ta ci biyu a bar ɗaya don ɗan taƙaitaccen tarihin wanda aka yi hirar da shi, a wani shafin kuma a juya, shafukan sun bambanta amma ƙashin bayansu ɗaya ne. Kamar gini ne dai, in tubali ya tafi a kan igiya ko ba fenti yana da kyan gani. Ku sa lambar shafi da sunan mujalla ƙanana a ƙasa, ku yi na dama ku yi na hagu, ku adana waɗannan fayil biyun a matsayin uwa, duk wanda zai yi sabon shafi kwafinsu zai ɗauka, kuma ba wanda aka yarda ya matsar da layi ko ɗaya.

Leyoyi kuma, wato shimfiɗun da manhajar ke ɗora kowane rubutu ko hoto a kai daban-daban, ku ba su suna tun suna kaɗan, foldar rubutu daban, ta hotuna daban, ta bayan shafi a can ƙasa a kulle, domin ranar da mai tsarin ya yi tafiya wani ya gaji aikin ya tarar da leya sittin ba suna zai sha wuya.

Sai maganar haruffa, nan ne sabon mai tsari yake zamewa, ya ga manhaja cike da salo ɗari sai ya so kowane labari ya samu nasa. Biyu sun isa, ɗaya mai kauri na kanun labarai ɗaya mai sauƙin karantawa na jikin rubutu. Jikin rubutun ya zama maki 10 ko kusa da haka, tazarar layi 13, a allo za ku ga kamar ya yi ƙanƙanta amma a takarda daidai yake, masu GIMP ku duba ma'aunin yana kan pt, wato maki, ba px na fiksal ba. In mujallar da Hausa ce ko akwai shafin Hausa a ciki to kafin ku zaɓi salo ku gwada shi da ɓ ɗ ƙ ƴ da manyansu Ɓ Ɗ Ƙ Ƴ, da yawa daga cikin salon nan masu kyau ba su da haruffa masu lanƙwasa, ko dai akwati ya fito a wurin ko manhajar ta aro harafin daga wani salo ka ga ƙ ɗaya ta fi 'yan uwanta siranta a tsakiyar kalma. Noto Sans da Noto Serif da Charis SIL da Andika duk suna da su kuma kyauta ne.

Kar ku yi taifin labari kai tsaye a manhajar hoto. A gama shi a Word ko Google Docs, edita ya karanta ya gyara ya ce ya yi, sannan a kwafo. Dalili kuwa tunda rubutu ba ya malala da kansa, in aka cire jimla ɗaya a ginshiƙin farko sai kun bi sauran ginshiƙan ɗaya bayan ɗaya kuna jawo layuka da hannu, in labarin shafi uku ne kun ga aiki ya dawo sabo. Wajen zuba shi kuma ku ja akwatin rubutu daidai faɗin ginshiƙi, ba ku danna sau ɗaya ku riƙa buga Enter a ƙarshen kowane layi ba. Ni na fi son a jingina rubutu da hagu a bar damansa yadda ya zo, domin in an tilasta masa daidaita gefe biyu a siririn ginshiƙi sai manyan ramuka su buɗe tsakanin kalmomi. Ku kuma lura kar layi ɗaya tilo na ƙarshen sakin layi ya haura saman sabon ginshiƙi shi kaɗai, ko ƙaramin take ya zauna a ƙasan ginshiƙi bayaninsa yana can wani wuri.

Hotuna su ma da nasu. Hoton waya mai fiksal 4000 da 3000 zai iya cika kusan santimita 34 da 25 a bugu, wato ya ishi cikakken shafi, amma in aka turo shi ta WhatsApp a matsayin hoto an matse shi ya ragu sosai, sai dai ya yi ɗan ƙaramin gurbi. Ku ce wa masu ɗauka su turo a matsayin dokumen ko ta imel ko Google Drive. In kun shigo da hoto Photoshop ku bar shi a Smart Object yadda ko kun rage shi kun sake ƙarawa ba zai lalace ba, kuma don Allah kar a ja hoto ta gefe ɗaya har kan mutum ya yi tsawo ko ya baje, tun sigar CC 2019 in kun ja kusurwa kawai yana tafiya daidai, a tsofaffin sigogi ne sai an danne Shift. In hoton bai dace da gurbinsa ba yanke shi ake yi, ku zana akwati daidai layukan jagora ku ɗora hoton a kai ku danna Ctrl da Alt da G, zai shige cikin akwatin ku riƙa matsar da shi har fuskar ta zauna inda kuke so.

A kowane shafi biyu da ke kallon juna a samu hoto ɗaya babba da ido zai fara sauka a kai, sauran su zama ƙanana, in duka shida girmansu ɗaya mai karatu bai san ta ina zai fara ba. In mutumin da ke hoton yana kallon dama ku ajiye shi a hagu yadda zai kalli cikin labarin ba wajen takarda ba. Kowane hoto a sa masa ɗan bayani a ƙasa, waye, a ina, wa ya ɗauka, kuma a nemi izinin mutum kafin a buga fuskarsa. Sannan takarda ba ta da haske irin na allo, hoto kusan kullum ya fi duhu in ya fito, don haka ku ɗan ɗaga hasken tsakiya da Curves musamman a fuskoki, kaɗan dai, kar fatar mutum ta koma toka-toka.

Allo da ja da kore da shuɗi yake haɗa launi, shi ne RGB, injin bugu kuwa tawada huɗu gare shi, CMYK, shi ya sa wannan koren mai walƙiya da shuɗin nan mai ƙyalli suke mutuwa a takarda. A Photoshop Ctrl da Y zai nuna muku kwatankwacin yadda zai fito. GIMP a RGB yake aiki, sai ku gaya wa maɗaba'a tun wuri ko ku ƙarasa a Scribus. Ƙananan rubutu baƙi ku sa musu baƙar tawada zalla, wato K na CMYK ya zama 100 sauran ukun sifili, in baƙin haɗin tawada huɗu ne kuma injin ya ɗan goce sai ka ga inuwar ja ko shuɗi a gefen haruffa. Dogon labari da farin rubutu a kan baƙin shafi ma ku guje shi, yana gajiyar da ido.

Bango kuwa hoto ɗaya mai ƙarfi, sunan mujalla a sama da girma, fitowa ta nawa da wata da shekara, kanu uku ko huɗu, shi ke nan. Ba sai an jera hoton kowane shugaba a kai ba, akwai shafin ciki.

Yanzu aka zo wurin da mujalla take yin kyau da gaske, wato gyara. In kun gama zagayen farko ku buga shafukan a firinta ta ofis ko da baƙi da fari ne, a ainihin girmansu, ku manna su a bangon ɗaki bibbiyu yadda za su kalli juna, ku ja da baya ku ɗan runtse ido har rubutun ya daina karantuwa. A nan za ku ga abin da allo ya ɓoye muku, wannan shafin ya cushe ba wurin numfashi, wancan kanunsa ya sauko ƙasa da na maƙwabcinsa, ga hoto ya ɗan fita daga layi, ga shafuka uku a jere duk rubutu ne zalla. Ku bi da jan biro kuna zagayewa. Mafi yawan gyaran da za ku samu cirewa ne, inuwar da aka sa wa take, firam mai furanni, launi na biyar, kuma in kun ga fili fari kar hankalinku ya tashi ku ce sai an cusa wani abu, filin nan ne yake sa a ji daɗin karanta sauran. Sai ku miƙa takardun ga wanda bai taɓa ganin labaran ba ya karanta a hankali, ku kun haddace su idonku tsallake kuskure yake yi. Sunayen mutane da muƙamansu a duba su daban da takardar asali a hannu, ɗalibi zai yafe muku launi mara kyau amma sunansa da aka rubuta ba daidai ba zai daɗe yana masa ciwo. A duba lambobin da ke jerin abin da ke ciki sun dace da shafukan, domin su ne ake mantawa in an sauya wa labari wuri. A gyara a sake bugawa a sake mannawa, kuma kowane zagaye a adana shi da sabon suna mai kwanan wata, kar a danne tsohon, wani lokacin sai an ga na jiya ya fi.

Wajen miƙa aiki ku fitar da PDF mai cikakken inganci da rararsa ta milimita 3, ba JPEG ba, domin JPEG yana mai da haruffa hoto gefensu ya yi gashi-gashi. Sunan kowane fayil ya fara da lambar shafi, 01, 02, har 16, yadda za su jeru da kansu. Ku roƙi maɗaba'a ta fitar muku da kwafi ɗaya na gwaji, ninkakke yankakke, ku duba shi shafi-shafi kafin ku ce a buga sauran. In kuma za ku raba mujallar ta waya sai ku yi wani PDF daban a RGB, ba rarar yanka, ku sauke Resolution ɗinsa zuwa 150 yadda nauyinsa zai ragu ya buɗe da wuri.