Yadda za ka toshe yoyon rufin kwano da kanka kafin damina ta kankama a Kumasi

Ruwan farko na Kumasi, wanda kan sauka a watan Maris, iska ce ke yi masa jagora, kuma ita ce ke tona asirin duk rufin da aka yi wa sakaci. Garin na samun ruwan da ya kai kusan milimita 1,400 a shekara, kusan ninki biyu na abin da Accra ke samu, a damina biyu: babba daga Maris zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. Saboda haka lokacin hawa rufi bai wuce biyu ba, ko cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ko ɗan sararin da ake samu a watan Agusta. A Aboabo da Asawase da Sabon Zango, yawancin yoyon da ke sa a kwana ana tarar ruwa da bokiti da roba bai kai a kira kafinta ba. Aikin safiya ɗaya ne, in an san inda ramin yake.

Gano ramin shi ne rabin aikin. Inda ruwa ke ɗiga a ɗaki ba lallai ne nan kwanon ya huje ba. Ruwa kan shiga ta can sama, ya bi bayan kwano ko jikin katako yana gangarowa, sai ya sami kan ƙusa ko gaɓar itace sannan ya faɗo. Don haka kullum ka nemi ramin daga inda ke ɗiga zuwa sama. In ɗakin ba silin, da tsakar rana ka rufe ƙofa da taga, ka ɗaga kai. Duk wata kafa za ta nuna kanta da ɗigon haske. Ka zaro tsinken tsintsiya ka cusa a kowace, ya leƙa waje, domin in ka hau sama ramin da ka gani sarai daga ciki ɓacewa yake yi cikin tsatsa da ƙura, amma tsinke a tsaye ba ya ɓuya.

In akwai silin, sai an yi mutum biyu. Ɗaya ya leƙa ta ƙofar silin da tocila, ɗaya ya hau da bokitin ruwa. Na saman ya fara zubawa daga bakin rufi, ya jira minti biyu ko uku, sannan ya matsa sama kaɗan. Wanda ya fara daga ƙololuwa ya jiƙa ko'ina, ba zai gane komai ba. Da na cikin ya ce, "Yaya, tsaya nan, ya fara ɗiga," sai a zagaye wurin da alli.

Kayan aikin ba su da yawa: tsani mai ƙwari, hamma mai cire ƙusa, burushin waya, tsumma, almakashin yanka kwano, faffaɗan katako na takawa, ƙusa mai hula ko sukuru mai roba a wuya, da tef ɗin kwalta mai fuskar alminiyam da ake sayarwa a shagunan kayan gini.

Kafin ka taka tsani, ka dubi wayoyi. A unguwanninmu wayar kamfanin wutar lantarki na ECG kan ratsa daf da rufi, kuma kashe wuta a mita ba ya kashe wayar da ta taso daga fal. In ta taɓa kwano ko ta goge, kada ka hau, wannan ba aikinka ba ne. Ka hau bayan raɓa ta bushe, kafin rana ta ɗau zafi, da takalmi mai ƙasan roba, ba silifa ba. Ka riƙa taka layin ƙusoshi kawai, domin nan ne katako yake a ƙasa, ko ka shimfiɗa katakon takawa. Idan kuma rufin gidan na tsohon asbestos ne, mai toka-toka, kada ka hau, kada ka huda, kada ka kankare. Yana karyewa ba gargaɗi, ƙurarsa kuma illa ce ga huhu.

Ka fara da ƙusoshi, don a nan mafi yawan yoyo yake. Kwano na buɗewa da zafin rana, ya tsuke da sanyin dare, shekara da shekaru, har ƙusar ta ɗago kai, ramin da ke kewaye da ita ya faɗaɗa. Abin da kowa ke yi shi ne ya sake buga ta. Ba ta daɗewa take sake fitowa, domin ramin da ke jikin katakon ya riga ya saki. Cire ta za ka yi. Ka sa guntun katako a kwarin kwanon, ka dogara hammar a kansa, don kada ka lotsa tudun. Sai ka sa sukuru da ya fi ta kauri da tsawo a ramin nan dai. Ka ɗaure har robar ta kwanta daidai, ka tsaya. In ka matse har ta fantsaro gefe, ta tsage ke nan, ruwa kuma ya sami hanya. A tudun kwano ake kafa ƙusa, ba a kwarin da ruwa ke bi ba. In ka tarar wani ya buga a kwari, ka cire, ka toshe ramin da tef, ka kafa sabuwa a tudun da ke kusa.

Wani lokaci za ka ji sukurun na juyawa bai kama komai ba. Katakon ne ya ruɓe, ko gara ta cinye shi. Katakon icen da ake kira wawa, wanda wasu ke yin rufi da shi saboda araha, ba ya jure danshi da gara sai an shafe shi da magani. Ba sai an kwance rufin duka ba. Ka samo sabon katako mai tsawon da zai wuce ruɓaɓɓen wurin ta kowane gefe, a kasuwar katako ta Sokoban ko wurin masu katako na kusa, ka shafe shi da maganin gara, ka haɗa shi da tsohon ta ciki, ka kafa sukurun a sabon.

Ƙananan ramukan tsatsa tef ke maganinsu, amma tef ba ya kama datti. Ka goge wurin da burushin waya har ƙarfe ya fito, ka share da busasshen tsumma. Ka yanka tef ɗin ya wuce ramin da santimita 5 ta kowane gefe, ka ɓare takardar bayansa, ka manna daga tsakiya zuwa gefe, kana bin tudu da kwari da babban yatsa ko ƙotar hamma har ba sauran iska a ƙarƙashi. Ɗan ɗumin kwanon da hantsi yana taimaka masa ya kama. In silikon, wato gam ɗin toshe tsaga, za ka sa, ka shinshina: mai warin tsami yana cin tutiyar da ke kare kwano, marar wari ake so. Akwai kuma dabarar narka farin soson kwalin talabijin a fetur a shafa. Tana riƙewa na ɗan lokaci, amma rana na busar da ita ta tsattsage, ga haɗarin wuta a gidan da ake girki da gawayi a tsakar gida. Ni ban ga ribarta ba.

Ramin da ya fi tafin hannu faci yake so, da guntun kwano irin na rufin, mai tudu iri ɗaya. Sirrin facin shi ne bakinsa na sama ya shige ƙarƙashin kwanon da ke samansa, ruwa ya gangaro ta kansa. In ka ɗora shi a kai kawai, ka yi wa ruwa aljihu. Idan tsatsa ta ci fallen har yatsa na iya huda shi, canza shi ya fi sauƙi. Sabon ya hau na gefensa da tudu ɗaya da rabi, ya hau na ƙasansa da aƙalla santimita 15, ko 20 in rufin ba shi da gangara sosai. Bakin haɗin ya juya wa ɓangaren da ruwa ke bugowa baya. Kwanon alminiyam kuma ba a kafa shi da baƙar ƙusar ƙarfe, domin haɗuwarsu da danshi na cinye kewayen ramin.

Gidajen haya na zango suna da wata matsala tasu. Ana ƙara ɗaki a jikin ɗaki, rufin sabon ya jingina da bangon tsohon, sai a cika mahaɗar da siminti. Siminti ba ya motsi, kwano yana yi, shi ya sa ake samun tsaga a nan kowace shekara. Maganin shi ne a lanƙwasa dogon guntun kwano, rabi ya kwanta a kan rufin, rabi ya hau bango kamar santimita 15. A sassaƙa siririn layi a bangon, a cusa bakinsa ciki, a cike da kwaɓin siminti 1 da yashi 3. In ɗan haya ne kai, kada ka taɓa bango sai ka sami mai gidan ka ce, "Baba Alhaji, ga abin da nake so in yi, ga kuma kuɗin kayan," ku daidaita tun da wuri ko za a cire daga kuɗin haya.

Tun da kana sama, ka kwashe ganyen mangwaro da ledojin ruwa da suka toshe indararo, don ruwan da ya rasa mafita baya yake komawa ya shiga ta mahaɗar kwano. Bulo da duwatsu da tsofaffin tayoyin da ake danne rufi da su, su ma ka sauke su bayan ka ɗaure kwanon da sukuru. Danshi na maƙalewa a ƙarƙashinsu ya haifi tsatsa, tayar kuma ta zama gidan sauro.

Kafin ka ɗauke tsani, a sake gwajin bokiti a duk inda aka taɓa. Tabon da ke jikin silin kuwa ka ƙyale shi tukuna, sai an yi ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku ka ga bai faɗaɗa ba. Sannan ka fara shafa masa fentin mai, in ya bushe ka bi da na ruwa, in ba haka ba tabon zai sake ɓullowa ta cikin sabon fentin.