Kurakuran da muke tafkawa in za mu hau dutse, musamman na Kagoro

Wani ƙanina ne ya turo min saƙo shekaranjiya wai shi da abokansa su bakwai za su je hawan Dutsen Kagoro ranar Asabar, za su tashi daga Kawo ƙarfe tara na safe, su hau, su yi hotuna, su dawo Kaduna a ranar. Na ce masa kai yaro, ai kun riga kun yi kuskuren farko tun ba ku shiga mota ba.

Daga Kaduna zuwa Kafanchan, garin da ke kusa da Kagoro, ta hanyar Kachia ba nan kusa ba ne, ka ware awa uku zuwa huɗu, ga shingayen jami'an tsaro, ga wanda zai ce a tsaya ya sayi citta, kafin ku isa gindin dutsen rana ta take. Wanda ya fara hawa ƙarfe ɗaya kuwa rana ce za ta yi masa dukan kawo wuƙa, kuma duhu ne zai tare shi a hanyar saukowa. Gyaran mai sauƙi ne, ku tafi ranar Juma'a ku kwana a Kafanchan, da asuba ku yi sallah ku karya, ƙarfe bakwai ta same ku kun fara taku.

Akwai wani lissafi da masu hawan duwatsu ke amfani da shi tun 1892, wani ɗan Sikotilan mai suna Naismith ne ya fitar da shi: duk kilomita 5 ka ba ta awa ɗaya, sannan duk mita 600 da za ka hau sama ka ƙara wata awa ɗaya. To wannan na masu jini a jika ne fa, mu da muka saba daga ofis sai Keke Napep sai gida, ka ƙara rabin abin da ya ba ka, ka kuma sa lokacin hutu da na sallar azahar. Abin da ya fi lissafin muhimmanci shi ne ku yanke lokacin juyowa tun kuna ƙasa, ku ce ƙarfe ɗaya ta yi ko mun kai ƙololuwa ko ba mu kai ba za mu juyo. A nan ne ake rigima wallahi, don dutse yana da yaudara, ka hango wani tudu ka ce ga ƙarshen nan, kana isa sai ka ga wani a bayansa, sai wani ya ce ai saura kaɗan, saura kaɗan ɗin nan ita ke sa mutane laluben hanya da fitilar waya. A watan Nuwamba wajen ƙarfe shida rana ta faɗi, cikin kurmi da kwari kuma duhu yana riga haka shigowa.

Sai maganar wata. Da yawa suna zuwa ƙarshen Disamba ko farkon Janairu saboda hutu da kuma bikin Afan da mutanen Kagoro ke yi duk 1 ga Janairu. Bikin abin kallo ne, amma in don ka tsaya a sama ka ga ƙasa ta shimfiɗu ka je, ka yi asarar gumi. Ni na taɓa yi, na hau da kyar ina haki, na isa sama, babu abin da na gani sai hazo fari fat kamar an rufe duniya da zani. Dutsen nan ya haura mita 1,200 daga saman teku amma ƙurar hunturu ba ruwanta da tsawonka. Tsakiyar damina ita ma ba ta yi ba, Yuli da Agusta duwatsun sun yi gansakuka, santsi kamar an zuba miyar kuɓewa, ƙaramin rafin da ka tsallake da safe ruwa na iya sauka a can sama ya cika shi kafin ka dawo, ga tsawa, kuma kan fallen dutse shi ne wuri mafi muni da hadari zai same ka. A ganina ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi, ruwa ya ɗauke, gari garau, daji kore shar.

Sai dai lokacin ciyawa ta yi tsawo, shi ya kawo mu maganar kaya. Ban san wa ya ce wa samarinmu ana hawa dutse da silifas ko takalmin zuwa biki ba. Wasu kuma sai su sayi sabon kambas ranar Alhamis su sa ranar Asabar, kafin awa biyu dunduniya ta yi bororo. Tsohon kambas ɗinka mai ƙasan kaushi wanda ƙafarka ta saba da shi, da safa mai kauri, ya fi sabo. Ka yanke farce kuma, a gangara za ka gane dalili. Dogon wando, ba gajere ba, saboda ƙaya da ƙarara, wanda ƙaiƙayin ƙarara ya taɓa kamawa ba sai an yi masa bayani ba. Turare mai ƙarfi a bar shi a gida, akwai ƙudan zuma a kogunan duwatsu. Kar ka zura hannu a rami ko ƙarƙashin dutsen da ba ka ga cikinsa ba, kasa da kububuwa ba sa sallama. In tsautsayi ya faɗa, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure da igiya tamau, a cire zobe ko agogo, a hana mutumin yawan motsi a nufi asibiti da shi.

Ruwa kuma, ledar fiya wata biyu ba ruwa ba ne. Lita biyu zuwa uku kowane mutum, kuma kowa ya ɗauki nasa, kar a tara wa mutum ɗaya don in ya yi gaba ko ya yi baya an shiga uku. Ruwan alwala ma a lissafa shi. Gora ɗaya ka yi mata haɗin gishiri da sukari, lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, yana hana jijiyar ƙafa ɗaurewa da jiri. Abinci dabino, gyaɗa, ayaba, ƙuli-ƙuli sun isa. Kilishi daɗi gare shi amma ƙishirwar da zai sa maka sai ta cinye ruwanka.

Kuskuren da ya fi ba ni haushi shi ne na masu cewa ai muna da taswira a waya. Malam, sabis yana ɗaukewa a cikin kwari, caji yana ƙarewa wajen bidiyo, kuma hanyoyin ƙafa a dajin nan sun rarrabu, wata gona ta nufa, wata wajen masu itace. Ku fara zuwa wajen mai unguwa ko dattawan wurin ku gaishe su, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku nemi ɗan gari ya yi muku jagora ku biya shi haƙƙinsa ba tare da ciniki kamar a Kasuwar Barci ba. Shi ya san inda ba a shiga, don akwai wuraren da mutanen gari ke girmamawa, shi kuma ya san halin da ake ciki ta fuskar tsaro a satin nan, ba labarin bara ba. In suka ce kar a hau yau, to kar a hau, ku wuce Matsirga ku kalli ruwa yana zubowa ku dawo gida. A Kaduna ma a bar wa wani sunayen waɗanda suka tafi da lokacin da ake sa ran jin ku.

Saukowa kuma mutane na raina ta. An yi hoto, an ci dabino, kowa ya saki jiki, gwiwa ta gaji tana rawa, sai samari su fara tsere a gangara. Yawancin targaɗen da na gani da idona a nan aka yi shi. Taku gajere, gwiwa a ɗan lanƙwashe, sanda a hannu, wanda ya fi kowa rashin sauri shi za a sa kusa da jagora ba a baro shi a baya ba. Ledojinku da gorunan roba kuma ku sauko da abinku.

Shi dai ƙanin nawa na ce su fara gwada ƙafarsu a Dutsen Kufena da ke Zariya wannan Asabar ɗin, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce daga Kawo, in sun sauko gwiwa ba ta yi ƙara ba sai mu sa ranar Kagoro. Biyu daga cikinsu har sun fara cewa suna da ɗaurin aure.