Yadda za ka tsare karenka daga maganin mutane

Sau da yawa mai kare ne ke ba shi guba da hannunsa, da niyyar taimako. Kare ya dawo daga farauta yana ɗingishi, sai a sayo ibuprofen ko diclofenac a kemis, a cusa masa cikin lomar tuwo. Kada ka yi haka ko sau ɗaya. Waɗannan magunguna suna daɗewa a jinin kare fiye da na mutum, suna cin bangon cikinsa, suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Ƙwayar ibuprofen ɗaya mai miligiram 400 ta isa ta jawo wa kare mai kilo 10 amai da gyambon ciki. Za ka ga ya ƙi abinci, kashinsa ya yi baƙi kamar kwalta.

Shi kuwa farasitamol hanta yake lalatawa. Ƙwaya biyu masu miligiram 500 ga kare mai kilo 10 sun kai matakin haɗari. Dasashi yakan koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya yi wuya. Kyanwa ma rabin ƙwaya na iya kashe ta.

Ajiye magani a kabad mai rufewa. Ban da kan taga, gefen tabarma ko jakar hannu, domin kare na tauna kati da roba ya haɗiye duka. In ƙwaya ta suɓuce maka, nemo ta kafin ka tashi. Ragowar magani kada ya je bolar da kare ke tonawa, kuma in ka shafa diclofenac a gwiwa, hana shi lasa.

Idan ya riga ya haɗiya, ɗauki katin, ƙirga ƙwayoyin da suka ɓata, ka riƙe lokacin, ka nufi likitan dabbobi. Cikin awa 2 na farko likita na iya sa shi amai ya ba shi gawayin asibiti, wanda ya sha bamban da na murhu. Makarin farasitamol, N-acetylcysteine, ya fi aiki cikin awa 8.

A gida kada ka ɗura masa ruwan gishiri, shi kansa guba ne. Manja da madara ba sa karya magani, kuma ɗura na iya tura su huhu. Ko da kare na wasa lafiya ƙalau, kai shi, don ciwon ƙoda da na hanta sukan ɗauki kwana ɗaya zuwa uku kafin su bayyana.