Yadda ake kula da yaro mai cutar gado ta sarrafa abinci idan gudawa da amai suka kama shi

Ga yawancin yara, abin tsoro a gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki. Yaron da ya gaji cututtuka irin su MMA da MSUD (masu hana jiki sarrafa wasu sassan furotin), MCAD (mai hana jiki ƙona wani nau'in kitse) ko cutar da ke hana jiki fitar da amoniya (gubar da ke fitowa daga furotin) yana da ƙarin haɗari, wato yunwa. Da zarar abinci ya daina zama a cikinsa, jiki zai koma cin tsoka da kitsensa, guba ta taru a jini, ko sukari ya faɗi. Cikin sa'o'i kaɗan abin zai iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Shiri yana farawa ne tun yaro na ƙalau. A karɓi takardar gaggawa daga likitan da ke duba shi, mai ɗauke da sunan cutar, nauyin yaron da adadin abin da za a ba shi. A ajiye garin maltodekstrin (garin da ke ba jiki gulukos, wanda ake haɗa abin shan gaggawa da shi), ma'auni da sirinjin baki.

Da an ga alamar farko, ko da ƙin cin abinci ne kawai, a haɗa abin shan gaggawa. Ƙarfinsa yana bin shekaru: kashi 10 cikin 100 ga wanda bai kai shekara ɗaya ba, 15 daga shekara 1 zuwa 2, 20 daga shekara 2 zuwa 9, sai 25 daga shekara 10. Kashi 10 na nufin giram 10 na gari, a cika da tafasasshen ruwa har ya kai mililita 100. Ana ba shi duk sa'o'i biyu zuwa uku, dare da rana. A tashe shi daga barci, kada tausayi ya hana, domin tazarar dare ce ta fi cutar da su. In yana tashin zuciya, a riƙa ɗiga masa kaɗan-kaɗan da sirinji.

A nan ake yawan kuskure. Ruwan gishiri da sukari na leda yana mayar da ruwa da gishiri, amma gulukos ɗinsa giram 13.5 ne kacal a lita, bai isa ya hana jiki cin kansa ba. Abin sha mai kauri da yawa kuma yana jawo ruwa cikin hanji, zawo ya ƙaru. Shi ya sa a lokacin zawo likitoci kan ce a zuba garin cikin ruwan ledar, kada ya wuce kashi 10.

Masu matsalar furotin ana dakatar musu da cin furotin na sa'o'i 24, kada ya haura 48, sannan a mayar da shi sannu a hankali. In aka tsawaita, tsokar yaron ce za ta narke. Magungunansa na kullum, irin su kanitin, ba a dainawa. Kada a ba shi maganin tsayar da zawo.

Wannan tsari ba na kowa ba ne. Yaron da aka ɗora a kan abincin keto (abinci mai yawan kitse da ƙarancin sitaci da sukari, wanda ake bayarwa a matsayin magani), yawan gulukos zai ɓata masa magani. Wanda jikinsa ba ya karɓar furuktos (sukarin 'ya'yan itace), a duba kowane maganin ruwa, domin sukarin shayi da sobitol (wani abin zaƙi da ake sawa a magunguna) suna cutar da shi.

A garzaya asibiti in ya yi amai sau biyu, ko ya ƙi sha, ko aka ga yawan barci, magagi, numfashi da sauri ko jijjiga. Kada a tsaya jiran sukarin jini ya sauka, a MCAD wannan alama ce ta ƙarshe-ƙarshe. A miƙa takardar tun daga bakin ƙofa, domin a sa masa ƙarin ruwa mai gulukos kashi 10 nan take, a auna amoniya da tsamin jini.

Taurin bayan gida ma ba ƙaramin abu ba ne ga masu MMA da 'yar'uwarta, cutar furofiyonik (propionic acidaemia). Ƙwayoyin hanji suna samar da irin gubar da jikinsu ya kasa kawarwa, in kashi ya daɗe a ciki sai ta ƙaru, don haka a sanar da likita tun kwanakin farko.