Ga ƙannena masu zuwa karatun fiziks a Jamus

Da Satumba ta kama, wayata ba ta hutawa. "Yaya, na sauka Frankfurt, ina zan nufa?" Bana uku na tarbo, ɗaya daga Kano, biyu daga Damagaram, kuma tun kafin su kwance jaka na ga biyu sun doshi ramin da na faɗa shekarun baya.

Neman gurbi da biza ba zan daɗe a kansu ba. Wanda takardarsa ta sakandare ba ta isa shiga jami'a kai tsaye ba sai ya yi shekara a Studienkolleg, makarantar share fage, ajin T-Kurs na masu kimiyya. Asusun da ake kullewa don nuna kana da kuɗin zama, a lissafin da aka fara aiki da shi a 2024, Yuro 11,904 ne, ana sakar maka 992 a wata. Digirin farko na fiziks kusan ko'ina da Jamusanci ake yinsa, sai 'yan wurare irin Leipzig da ke da shi da Turanci. Jihar Baden-Württemberg tana karɓar Yuro 1,500 kowane zango daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba. Duk wannan yana intanet.

Abin da ya kusa kayar da ni ɗaki ne. Na same shi a Facebook tun ina gida, wurin wani mutum mai daɗin baki. Ranar da na iso na ƙirga masa kuɗin ajiya a tafin hannu, ba rasit, don kunya ta hana ni tambaya. Washegari na ce ya sa min hannu a takardar shaidar mai gida, Wohnungsgeberbestätigung, wadda sunanta kaɗai ya isa ya sa ka ciwon kai. Ya ce gobe. Ashe shi ma ɗan haya ne, ainihin mai gidan bai san da zamana ba. Doka ta ce ka yi rajistar mazauni, Anmeldung, cikin mako biyu da tarewa, kuma ba a yi sai da wannan takarda. Da ban yi rajista ba, bankin da na je ya ƙi buɗe min asusu. Babu asusu, kuɗina da ke kulle ba su da inda za su sauka. Ga biza tana ta cin kwanakinta, ofishin baƙi kuma shi ma rajistar yake jira. Ina da kuɗin shekara guda da sunana, amma taliya da man gyaɗa nake ci, ina ƙirga tsabobi a kan katifa. Mako bakwai na yi a haka, har wani Bakatsine da muka haɗu a masallacin Juma'a ya kai ni ofishin gidajen ɗalibai. Kuɗin ajiyar nan har yau ban gan su ba. Ku sani, doka ba ta yarda kuɗin ajiya su wuce hayar wata uku ba, kuma ku biya ta banki.

Abin takaicin, ɓarnar ba ta tsaya a ɗaki ba. Ina wannan yawo aka gama kwas ɗin share fage na lissafi, aka kuma raba takardun aikin mako har huɗu. Mu da muka saba a bar karatu sai jarrabawa ta matso mu kwana muna hadda, nan ba haka ba ne. Kowane mako akwai Übungsblatt, wato takardar aikin mako, kuma a darussa da yawa sai ka tara rabin makinsu kafin a bar ka ka zauna jarrabawa. Ban tara ba a darasin lissafi na Analysis. Darasin kuma sau ɗaya ake yinsa a shekara, shi ke nan na zauna jira.

Digirin zango shida ne a takarda, makin kwas (credit) 180, talatin kowane zango. Shekarar farko lissafi ne ya fi yawa, Analysis da Lineare Algebra, inda ba amsa ake nema ba, hujja ake so ka kafa. Wanda ya zo da A1 a lissafin WAEC yana taƙama, mako uku ya ishe shi ya yi laushi. Kafin ka zaɓi darasi ko ɗaya, ka zauna da Prüfungsordnung, dokar jarrabawar sashenku, ka karanta ta da ƙamus. A jami'o'i da yawa sau uku kawai ake ba ka damar jarrabawa ɗaya; ka faɗi ta ƙarshe, an rufe maka fiziks, kuma sau da yawa wata jami'ar ƙasar ma ba za ta karɓe ka a fannin ba. Gara ka janye sunanka kafin wa'adi da ka shiga da "Allah Ya sa a dace". In ka ga ba za ta kai ka ba, ka sauya zuwa injiniyanci ko kwamfuta cikin zango uku na farko. Bayan nan ofishin baƙi sai ya titsiye ka da tambayoyi. Shi kuwa digiri na biyu zango huɗu ne, da yawa da Turanci, kuma yawancin masu fiziks a nan sai sun yi shi.

Aiki an yarda ka yi kwana 140 cikakku a shekara. Na ga yaron da ya zo a Oktoba, Nuwamba yana ɗaukar kaya da dare don a gida an fara cewa ya turo. Ka faɗa wa Baba gaskiya tun wuri.

Mu nan ba mu da yawa, amma ba ma barin namu ya kwana a tasha. Akwai 'yar'uwarmu da ke digirin digirgir, duk Lahadi sai ta tuƙa tuwon semo ta zauna da sababbi suna warware aikin mako. Abin da ke ƙona min rai shi ne wanda zai yi shiru sai ta ɓaci. Ɗaya daga cikin na bana ya kira ni jiya, wai mai ɗakinsa ya ce takardar sai gobe. Na ce ya haɗa kayansa, gani nan zuwa.