Babi na Bakwai: Zaɓen Tayar Babur, Mai Faɗi ko Siririya

A wannan babi za mu koyi yadda mai babur zai shiga shago ya sayi tayar da ta dace da abin hawansa ba tare da ya dogara da bakin mai sayarwa ba. Kowa ya riƙe fensir da takarda, wanda yake da babur kuma ya kafe shi a ƙofar aji, domin allonmu na yau a jikin taya yake.

Darasi na 1: Karanta lambar taya

Ka tsuguna kusa da tayar baya, ka sami tsumma mai ɗan danshi ka goge gefenta, wato ɓangaren da yake kallonka, ba wanda yake taka ƙasa ba. Za ka ga rubutu ya taso a jikin robar, baƙi a kan baƙi. Idan idonka bai kama shi ba, ka goga alli a kai, zai fito fes. Manyan haruffan da za ka fara gani sunan kamfani ne, ka bar su. Abin da muke nema shi ne lamba mai irin wannan kama: 3.00-17.

Lambobi biyu ne a nan, ɗan gajeren layin da ke tsakaninsu shi ya raba su. Daga hagu ake fara karantawa. Na san da yawa daga cikinku a makarantar allo kuka fara karatu, idonku ya saba kama layi daga dama, kuma wannan ba abin kunya ba ne, amma rubutun taya boko ne, daga hagu yake farawa. Ka ɗora yatsanka a kan 3.00. Wannan ita ce lambar farko, tana faɗa maka faɗin tayar, inci uku ke nan. Ɗigon da ke bayan 3 yana da aiki, kada ka karanta ɗari uku. Yanzu ka matsar da yatsanka zuwa 17. Wannan ita ce lambar ƙarshe, tana faɗa maka girman wili, wato zagayayyen ƙarfen nan da taya take zama a kansa, wanda wasu suke kira rim.

Lambar farko ita ce ta faɗi, a kanta ake maganar mai faɗi da siririya. Lambar ƙarshe ta wili ce, ita ba a taɓa ta. Idan tsohuwar tayarka 17 ce a ƙarshe, sabuwar ma dole 17 ce. Ta 18 za ta yi wa wilinka yawa, ta 16 ba za ta shiga ba ko mai faci ya kwana yana dannawa.

Mu sake. Yatsa a hagu, faɗi. Yatsa a dama, wili. Ku faɗa da baki sau uku, ba komai ko an ji ku a waje.

Dalilin da ya sa nake nanatawa shi ne, bara wani dattijo a ajinmu ya koyi lambar farko da kyau, ya tafi kasuwa ranar Laraba ya ce a ba shi mai inci uku, aka ba shi, ya rataya ta a kafaɗa ya dawo gida yana murna. Sai da mai faci ya ciro tsohuwar sannan aka ga sabuwar 3.00-18 ce, wilinsa kuwa 17. Washegari ya zo mini da ita aji ya ce, "Malam, ai na karanta uku, uku kuma aka ba ni." Na ce, "Baba, karatunka daidai ne, rabin layi kawai ka bari a baya." Mai shagon ya ƙi karɓa saboda an riga an yage ledar. Tun daga ranar Baba ba ya zuwa sayen taya sai da takarda a aljihun gaba.

Aiki: ka kwafi lambar tayarka ta baya a takarda, ka rubuta "baya" a gefenta. Ka je ga ta gaba ka yi haka nan, ka rubuta "gaba". Ka ja layi a ƙarƙashin lambar ƙarshe ta kowacce. Sannan ka koma ka gwada abin da ka rubuta da abin da ke jikin tayar, lamba bayan lamba, daga hagu. Idan ka yi kuskure ka goge ka sake, ai don haka muke amfani da fensir.

Wasu tayoyin suna zuwa da rubutu iri na biyu, kamar 100/90-17. Kada ya razana ka. A nan 100 shi ne faɗi, amma da milimita aka auna, kuma inci ɗaya ya ɗan haura milimita 25, saboda haka wannan taya ta kusa inci huɗu. Lambar tsakiya tana magana ne a kan tsayin gefen tayar. Ta ƙarshe fa? Wili ce, kamar dai ɗazu, kuma ba a taɓa ta.

Darasi na 2: Abin da kowacce take yi

Ka dubi takardarka, mai yiwuwa ka ga ta gaba ta fi siranta. Babur ƙirar Boxer irin na 'yan acaba yakan zo da 2.75-17 a gaba da 3.00-17 a baya. Masu ƙera shi da gangan suka yi haka, domin tayar baya ita take ɗaukar mafi yawan nauyi, ita kuma sarƙa take juyawa ta tura babur, alhali aikin ta gaba shi ne bin hannun matuƙi duk inda ya karkata.

Taya mai faɗi a baya tana da amfani ga wanda hanyarsa rairayi ce, irin hanyoyin ƙauyukan arewacin Katsina da Jigawa da ƙasar Damagaram, domin ba ta saurin nutsewa, kuma tana ba babur zama idan an ɗora masa kaya. Sai dai tana da nauyi, ƙaramin inji yakan sha wahalar juya ta, mai yakan ƙara tafiya, kuma a wajen shan kwana za ka ji babur yana yi maka gardama. Kuɗinta ma ya fi yawa. Siririya kuwa ba ta da nauyi, tana rage shan mai, tana juyawa da sauƙi a cikin lungu da cunkoson kasuwa, kuma a taɓon damina takan yanka ta sami ƙasa mai tauri. A rairayi mai zurfi ne take kasawa, nan take kafewa.

Ga mai dakon buhunan masara ko jarkokin ruwa, shawarata ita ce kada ya fara da neman faɗi. Ya nemi wani ɗan rubutu a gefen tayar, 4PR ko 6PR, wanda yake nuna ƙarfin jikinta. Mai 6PR ta fi mai 4PR jure nauyi ko da faɗinsu ɗaya ne. Mai bin hanyar burji da laka kuma ya dubi zanen tayar, ya zaɓi mai zurfi, domin zane yakan yi masa aikin da faɗi ba zai yi ba. Kowacce ya zaɓa dai, ya fara duba lambar ƙarshe.

Darasi na 3: Wili ma yana da faɗinsa

A jikin wili akwai lamba da aka buga, kamar 1.60x17 ko 1.85x17, ta farkon ita ce faɗin wilin. Idan aka cusa taya mai faɗi sosai a siririn wili, bakinta yakan matse, cikinta ya kumburo ya yi tsini, sai ya zamana wurin da yake taka ƙasa ya ragu maimakon ya ƙaru. Ka biya kuɗin faɗi ke nan ba ka samu ba. Ban da haka tana iya gogar sarƙa ko madigadi, musamman idan an yi goyo.

Samarin ajin nan, da ku nake. Na gaji da ganin an sa wa babur mai ƙaramin inji ƙatuwar taya don kawai a ce ya yi kyau daga baya. Sau nawa zan faɗa? Ɗayanku ya zo nan da taya sarƙa ta ci gefenta har zare ya fito, kuma da ita yake kai mahaifiyarsa asibiti. Wannan ba wayewa ba ce, ganganci ne. Idan lallai sai ka ƙara faɗi, kada ka wuce mataki ɗaya, kamar daga 2.75 zuwa 3.00, a baya kawai, kuma sai bakanike ya duba wilinka ya yarda. Bayan an ɗaura, ka kafa babur a kan babban jak, ka juya tayar da hannu ka saurara ko tana gogar wani abu, sannan ka sauke shi wani ya hau baya ka sake dubawa. Tiyub ma yana da lamba a jikinsa, ka saya daidai da ta sabuwar tayar. Lambar ƙarshe kuma, kun dai sani.

Darasi na 4: Iska

Mai faɗi da siririya duka ba sa aiki sai da iska daidai. A auna da geji da safe kafin taya ta yi zafi, ba da matsawar yatsa ba. Adadin da ya dace yana cikin littafin babur, wani lokaci kuma a manne a jikin murfin sarƙa.

Darasi na 5: Shekarar taya

A gefen taya akwai lambobi huɗu a jere, kamar 1223, ma'ana an yi ta a mako na 12 na shekarar 2023. Idan ta daɗe a ajiye ko ka ga ta tsattsage, ka bar ta. Ku zo da takardunku mako mai zuwa zan duba.