Babi na 7: Idan Makullin Tayoyin Baya Ya Maƙale

Darasi na ɗaya: Gane matsalar

'Yan'uwa ɗalibai, ku hau kujerar tarakta, inji a kashe, ku dubi ƙasa wajen dunduniyar ƙafarku ta dama. A yawancin tsofaffin taraktoci, irin su Massey Ferguson 135 da 165 da Ford 4000, akwai wata 'yar feda a wurin. Ba birki ba ce, ba kuma totur ba. Makanikai na ce mata dif-lok, wato makullin tayoyin baya. Idan tayar baya ɗaya ta faɗa taɓo tana ta juyawa a banza, sai a taka fedar nan, ta haɗe tayoyin baya biyu su riƙa juyawa tare. Da an ɗaga ƙafa, wani sifirin ne ke dawo da ita sama, makullin ya saki.

Wani lokaci ba ya saki. Alamarsa ita ce: kun murɗa sitiyari amma tarakta ta ƙi bin kwana, tana ta miƙewa gaba, tayoyin gaba na ture ƙasa. Da kun ga haka, ku taka kuloci, ku tsaya. Kada ku yi kokawa da sitiyari. A kan gangare, wannan kokawar na iya kifar da tarakta.

Darasi na biyu: Taɓa birki ɗaya

Ku natsu a nan, domin a nan ne na fi ganin ɗalibai na tuntuɓe. A ciki, haƙoran ƙarfe ne suka ciji juna, nauyin tarakta ya matse su, sifirin ya rasa ƙarfin raba su. Abin da muke so shi ne mu sassauta musu matsin nan na ɗan lokaci kaɗan.

Ku dubi fedar birki. Guda biyu ce, ta hagu da ta dama, kowace da tayarta. Akwai wata 'yar sakata da ke haɗe su wuri guda. Ku zare sakatar nan da hannu. Sai ku gwada: ku taka ta hagu, ku ga ta dama ba ta bi ta ba. Idan ta bi ta, sakata tana nan, ba ku zare ba.

Yanzu ku tayar da inji, ku sa giya ta ɗaya, totur ƙasa-ƙasa, sitiyari a miƙe, wurin kuma shimfiɗaɗɗe. Tarakta na tafiya a hankali, sai ku taɓa birki ɗaya, ku saki. Ku taɓa ɗayan, ku saki. Sau da yawa za ku ji wata 'yar ƙara, ƙwas, fedar makullin ta dawo sama.

Bari in sake faɗa. Birki ɗaya. Ba biyu ba. Idan kuka taka biyun tare, tarakta tsayawa kawai za ta yi, haƙoran suna nan a cije. Ɗaya za ku taɓa, ku saki, sannan ɗayan. Kuma taɓawa na ce, ba dannewa ba. Kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa: a taɓa, a janye.

Wanda bai samu ba a karon farko, kada ya ji kunya, da wuya a dace tashi ɗaya. Ku tsaya, ku taka kuloci, ku sa ribas, ku koma baya taku biyu ko uku a miƙe, ku sake gwadawa. Kafin ku sake, ku tambayi kanku: na zare sakata? Sitiyari a miƙe yake? To, taɓa ta hagu, saki. Taɓa ta dama, saki.

Na sha tsayawa a gefe ina kallon mutum ya haddace darasin nan tsaf da baki, amma da ya hau sai ƙafarsa ta danne birki biyun gaba ɗaya, don abin da ta saba ke nan. Ƙafa ake koya wa wannan aiki. Ku yi shi sau 10 inji a kashe: hagu, saki, dama, saki. In makulli ya saki, ku mayar da sakatar kafin ku hau titi, domin birki ɗaya a cikin gudu yana wujijjiga tarakta gefe.

Darasi na uku: Idan tsatsa ce

In kun yi duk wannan feda tana nan a ƙasa, to wataƙila tsatsa da busasshen laka ne suka riƙe sandar da fedar ke juyawa a kanta. Haka ke faruwa ga taraktar da ta daɗe ba a taka mata makullin ba. Ku kashe inji, ku zare mabuɗi. Ku goge wurin da buroshin ƙarfe, ku fesa man sassauta tsatsa, irin su WD-40, daidai inda sandar ta shiga jikin ƙarfen. Ku bar shi ya jiƙa, ko da kwana zai yi. Sannan ku kama fedar da hannu kuna ɗagawa kuna dannawa, kaɗan-kaɗan, kuna ƙara mai.

Kuma don Allah ku ajiye babbar guduma. Na gaji da faɗar wannan. Mutum ya fesa mai, bai jira minti biyar ba, sai ya hau dukan feda kamar ya samu ɓarawo. Sandar ta lanƙwashe ko wani abu ya karye a ciki, aikin da ɗan mai zai gama ya koma sai an kwance gindin taya. Manya ne ku, kun san haƙuri a gona, ku yi shi a nan ma.

Darasi na huɗu: Gwaji da jak

Inji a kashe, giya a firi, a sa wa sauran tayoyi waigi. Ku ɗaga tayar baya ɗaya da jak, ku tokare da katako mai ƙarfi, ku saki birkin hannu. Ku juya tayar da hannu. In ta juya, makulli ya saki. In ta ƙi, ku riƙa jijjiga ta gaba da baya, wani na ɗaga fedar. Kada a tayar da inji taya na sama: in makulli na ciki, tayar da ke ƙasa za ta ja tarakta ta sauka daga jak.

Darasi na biyar: Abin da ya rage

In feda na motsi sakwa-sakwa amma tayoyi na ƙulle, matsalar a ciki take, ko sifirin ya karye ko ƙarfen da ke tura haƙoran. A kira makaniki. In an gyara, a riƙa taka fedar lokaci-lokaci, a ɗiga mata mai.